Gyaran Birnin Tawa: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya taso daga Bambeye da sassafe ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, yana tafe tare da masu amalanken gero da na itace da masu korar awaki, zai ga gari biyu cikin gari ɗaya. Da farko zai ratsa bakin gari, inda gidajen laka da bukkokin zana ke zaune cikin rairayi, babu lambatu, babu famfo kusa, yara na ɗauke da jarkoki. In ya ƙara gaba kaɗan sai ƙafarsa ta hau kwalta mai faɗi, ga fitilu a jere, ga manyan gine-ginen hukuma sun sha fenti. Tafiyar da ke tsakanin wuraren nan biyu ba ta da nisa a ƙasa, amma zaman da a ke yi a cikinsu ya bambanta ƙwarai.

Jama'a masu karatu, wannan bambanci shi ne abin da mu ke so mu duba yau. Gwamnati ta kashe dukiya mai yawa wajen gyaran manyan garuruwan ƙasarmu, Tawa kuwa ta samu rabonta. Ya kamata mu san abin da aka yi, da dalilin yin sa, da abin da ya rage. Kuma ya kamata mutumin Bambeye ya sa kunne, domin maganar ta shafe shi fiye da yadda ya ke tsammani.

Yadda garin ya girma

Dattawa sun ce asalin Tawa ƙauyuka biyu ne, Bilbis da Fakuwa, waɗanda har yanzu sunansu bai ɓace ba a bakin mutanen gari. Wurin mahaɗa ce tun da: manoman Adar daga kudu, Abzinawa da Fulani makiyaya daga arewa, kowa na kawo abin da ya ke da shi ya karɓi abin da ya rasa. A farkon ƙarni na 20 Turawan Faransa suka kafa bariki a nan, garin ya zama mazaunin kumandan. Bayan samun mulkin kai a 1960, gyaran tsarin mulki na 1964 ya raba ƙasa kashi bakwai, Tawa ta zama hedkwatar ɗaya daga ciki.

Daga nan abubuwa uku suka cika garin da mutane. Na farko fari ne. Yunwar 1973 zuwa 1974, da wadda ta biyo baya a 1984, sun kori dubban manoma da makiyaya daga garuruwansu, da yawa suka sauka a bakin Tawa, ba su koma ba. Na biyu hanya ce. Kwaltar da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit, a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, saboda ma'adinin uraniyom, ta mai da garin zangon manyan motoci da fatake. Na uku kuwa cin rani ne. Adarawa sun shahara da tafiya nema, zuwa Abijan, da Nijeriya, da Kamaru, da Libiya. Wanda Allah ya buɗa wa, burinsa na farko shi ne ya sayi fili a Tawa ya yi gini.

Alƙaluman ƙidaya sun nuna ƙarfin wannan girma. A ƙidayar 1977 mutanen garin dubu 31 ne da ɗoriya. A ta 2012 birnin Tawa, tare da ƙauyukan da ke cikin iyakarsa, ya kusa kai dubu 150. A 2010 doka ta ba shi matsayin birni mai tsari na musamman, tare da Yamai da Maraɗi da Damagaram, yana da gida biyu wajen mulki. A wannan lokaci kuma aka kafa jami'a, wadda daga baya aka sa wa sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya yi rubutu bisa Adar kafin zuwan Turawa. Sai dai mutane sun riga tsari zuwa. Unguwanni da yawa an gina su ne tukuna, sa'an nan aka fara tunanin inda hanya za ta bi da inda ruwan sama zai wuce.

Dabarar bikin 18 ga Disamba

Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. Shekaru da yawa a Yamai a ke yin babban bikin wannan rana. A zamanin Shugaba Tanja Mamadu aka ɗauki shawarar a riƙa kewayawa da shi jaha bayan jaha, aka fara da Damagaram a 2006, Tawa ta karɓa a 2007. Manufar a fili ta ke: duk garin da zai sauki baƙi, za a zuba masa aiki kafin ranar.

Shugaba Mahamadu Isufu, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021, ya faɗaɗa wannan dabara ya mai da ita babban tsarin gyaran birane. Yamai ta samu nata shirin mai suna Niamey Nyala. Sauran kuma aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa: Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018, Tillabéri Tchandalo a 2019, sa'an nan Diffa N'Glaa, wanda aka shirya domin 2020 amma ba a yi bikinsa ba sai 2021.

Ga yadda abin ya riƙa tafiya a wancan lokaci. A kan naɗa kwamiti na ƙasa, a ɗora babban jami'i bisa kansa. Kwamitin ya tsara jerin ayyuka, baitulmalin ƙasa ya fitar da kuɗi, a ba ƴan kwangila aiki, a ce musu lalle a gama kafin ranar biki. A kan kuma roƙi ƴan asalin jahar masu hali, na gida da na waje, su gina masaukai da gidaje don garinsu ya fita kunya.

A Tawa, inda aka yi bikin cika shekara 59 da kafa Jamhuriya, an shimfiɗa tituna a cikin gari, an kafa fitilu, an gyara filin jirgin sama, an tanadi dandalin fareti da masaukan baƙi, an kuma sabunta wuraren wasanni da na al'adu. Wannan na ƙarshe ya dace da garin da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a cikinsa a 1975. Wanda ya san Tawa kafin lokacin, sa'ad da mota kan kafe cikin rairayi a tsakiyar gari, ba zai raina aikin ba. Magina da direbobi da masu sayar da abinci sun samu na kansu. Ƙananan hukumomi da kuɗin harajinsu kaɗai ba za su iya irin wannan aiki ba ko cikin shekara ashirin. Wannan gaskiya ce, wajibi ne a faɗe ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Amma fa dabarar tana da rauni a cikin ƙarfinta. Ranar biki ba ta matsawa, don haka kome sai a yi shi da gaggawa. Aikin da a ke gaggawarsa kuwa, abin da ido ke gani shi a ke sa wa gaba: babbar hanyar da baƙi za su bi, da shataletale, da bangon ofis. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ko bayan unguwa, watau lambatu da bututun ruwa da wurin zubar da shara, shi ne kan jira.

A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan da Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, amma ya kan zubo ne da ƙarfi cikin ƴan sa'o'i. Tudun Adar na duwatsu ne, ba ya shan ruwa, sai ya gangaro ta ƙoramu ya nufi kwari. Idan aka ɗaga titi ya fi gidajen gefensa tsawo, ba a yi masa magudana mai faɗi ba, to titin ya zama madatsa, ruwan ya koma cikin ɗakunan laka. Idan kuma aka bar mutane suka yi gini a bakin tabki, irin tabkin Babaye, ko a hanyar da ruwa ya saba bi, ranar da aka yi babban ruwa zai zo neman hanyarsa. Damanar 2024 ta tuna wa ƙasa duka wannan darasi. Ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, ɗaruruwa suka rasu, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba. Saboda haka ba ran 18 ga Disamba a ke auna gyaran gari ba, a watan Agusta a ke auna shi.

Rauni na biyu shi ne kulawa. Gwamnatin ƙasa ta kan gina, ta miƙa makulli, ta wuce jaha ta gaba. Sauyin ƙwan fitila, da kwashe rairayin da iska ke tarawa bisa kwalta, da yashe lambatu kafin damana, duk sun koma wuyan ma'aikatar magajin gari. Ita kuwa abin da ta ke tarawa daga harajin kai da na kasuwa da na tasha ɗan kaɗan ne, albashin ma'aikata ma wani lokaci ya kan gagara. Gini ba ya rushewa rana ɗaya. Fitila ɗaya ce ke mutuwa a ƙyale ta, rami ɗaya ya buɗe a kewaye shi, bayan shekara biyar a ce aikin ba shi da kyau tun asali. Kamata ya yi duk aikin da za a yi, a rubuta kuɗin kula da shi tare da kuɗin gina shi, a kuma faɗi wanda zai biya.

Wanda aka tasa, ina za shi?

Ba a faɗaɗa hanya sai an taɓa wani. Mai tebur, da mai shayi, da mai gyaran babur, da mai rumfar kwano a bakin titi, su ne farkon waɗanda katafila ke isa wurinsu. An ga haka a Yamai a 2016, lokacin da aka rushe kantuna da rumfuna masu yawa a bakin manyan hanyoyi. Hukuma na da hujjarta, domin hanya ta kowa ce, ba ta mutum ɗaya ba. Amma rumfar nan da a ke gani kamar ƙazanta, ita ke ciyar da gida guda, wani lokaci har da iyaye a ƙauye.

Ya kamata jama'a su san abin da doka ta ce. Doka mai lamba 61-37 ta ran 24 ga Nuwamba 1961 ta ba gwamnati ikon karɓar fili ko gida saboda amfanin jama'a, amma da sharaɗi: sai an biya mai shi diyya ta adalci, kuma kafin a karɓa, ba bayan an rushe ba. A 2008 aka yi wa dokar gyara, aka ƙara maganar sake tsugunar da waɗanda aiki ya tasa. Mai takardar fili yana da wannan kariya. Wahalar tana ga wanda ya shekara goma yana biyan kuɗin tikiti kullum amma ba shi da takardar zama. Irin wannan, ko doka ba ta tilasta ba, hankali ya tilasta a nuna masa wani wuri kafin a tashe shi, wurin da masu saye ke zuwa, ba bayan gari ba. In ba haka ba, bayan wata uku zai dawo inda ya ke, a sake kora, a sake dawowa.

Gonar da ta zama parsal

A nan ne maganar ta fara shiga gidan manomi. Gari ba ya girma sai bisa gonar wani. Hanyar da aka saba bi ita ce wadda jama'a ke kira lotisma. Hukuma ta zaɓi wani yanki a bakin gari, masu awo su zo su kafa duwatsu, a yanka shi parsal-parsal, a fitar da hanyoyi da filin makaranta da na asibiti da na kasuwa. Masu gonakin a ba su wani kaso na filayen a madadin gonarsu, sauran a sayar, kowane mai saye a ba shi takardar mallaka.

A takarda tsarin yana da kyau. A aikace yana da ramuka uku. Na ɗaya, sayar da fili ya zama hanyar samun kuɗi mafi sauƙi ga hukuma. A farkon shekarun 2000 gwamnati da kanta ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Inda fili ya zama kuɗin biyan bashi, sai a yanka fiye da bukata, a yanka inda babu ruwa babu lantarki. Na biyu, masu kuɗi kan sayi filaye da yawa su ajiye suna jiran tsada, talaka ya tsallake su ya je can gaba ya zauna inda ba a auna ba. Shi ya sa za ka ga kango a tsakiya, cunkoso a gefe. Na uku, manomin da aka ba parsal ya kan sayar da su cikin shekara ɗaya, ya yi aure, ya sayi babur, ya wayi gari ba gona ba sana'a. Gona kuwa kowace shekara ta ke haihuwa, parsal sau ɗaya a ke cin kuɗinsa.

Doka ba ta bar manomi hannu sake ba. Dokar ƙasar noma da kiwo ta ran 2 ga Maris 1993 ta yarda da mallakar gado, ta ce wanda ya gaji gona bisa al'ada mai ita ne, daidai da mai takarda. Ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda a ke samu a gunduma da ƙaramar hukuma har zuwa ƙauye, inda hakimi ke shugabanta. Wanda ya je ya rubuta gonarsa tun yanzu, ranar da masu awo suka iso zai yi magana da ƙarfi. Haka nan burtali da makiyaya da mashayar dabbobi, in ba a sa su cikin taswira ba, gini zai cinye su, rigimar manomi da makiyayi ta ƙaru. A 2017, shekarar bikin Tawa, an kafa sabuwar doka mai shimfiɗa ƙa'idodin tsara birane. Ruhinta shi ne taswira ta riga gini. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da ita, a kuma fassara ta cikin harsunan ƙasa, a karanta a rediyo, don mai gona ya ji da kunnensa.

Bambeye da Tawa, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Bambeye ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tawa, kudu maso yamma da birnin, mazaunin sarkin kanto. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 100 a cikinta. Watau ita kaɗai ba ta yi nisa da yawan mutanen birnin ba. Ga kuma Kalfu da Afala da Barmu da Takanamat da Tabaram, duk suna kewaye da Tawa, duk ita su ke kallo.

Daga waɗannan wurare gero ke shigowa, da wake, da itacen girki, da ragon layya. Daga can magina da leburori da ƴan ga-ruwa ke fitowa. Idan damana ta yi kyau, su kan zo da rani su koma da ruwan farko. Idan ta ɓaci shekara biyu a jere, su kan zo da iyali, bukka ta ƙaru a bakin gari. Saboda haka unguwar da ba ta da tsari a Tawa, a gonar da ta mutu a Bambeye aka haife ta. Duk hukumar da ke son rage cunkoson birni, ba da katafila za ta fara ba, da gyaran ƙasar noma za ta fara.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Keita, gabas da Tawa, an fara wani babban aiki a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An jera duwatsu bisa tuddai, an haƙa ramukan tare ruwa, an yi madatsai a ƙoramu, an dasa itatuwa miliyoyi, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. A kwarin Magiya tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu kare iska. A wajen Illela da Badagishiri manoma sun farfaɗo da fako ta hanyar tassa da rabin wata. Ruwan da aka tsayar bisa tudu riba biyu gare shi: ya ba manomi hatsi a inda ya ke, kuma bai gangaro ya rushe gidan wani a kwari ba. Wannan ma gyaran birni ne, ko da ba a yanka masa ƙyalle ba.

Haka zancen hanyar karkara, da rijiyar burtsatse, da makarantar sakandare, da ɗakin haihuwa. Matar da ta samu ungozoma a garinsu ba ta cika asibitin Tawa ba. Yaron da ya samu aji kusa da gida bai zama ɗan raɓe a gidan dangi ba.

Aikin da ke gabanmu

An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, a watan Afrilu 2024 kuma aka rushe majalisunsu aka naɗa masu riƙo. Amma ko wane ne ke zaune bisa kujera, aikin bai sake ba. Wajibi ne taswirar birnin Tawa ta dubi shekara ashirin masu zuwa, ta haɗa da ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi, a zauna da sarakuna da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata da na ƴan kasuwa kafin a kafa dutse na farko. Lambatu ya riga kwalta. Diyya ta riga rushewa. Kada a yanka sabon fili sai an san inda ruwansa zai fito.

Jama'a kuma na da nasu rabon. A zamanin samariya matasan unguwa kan fito da tsintsiya da shebur ba tare da an biya su ba. Wanda ya zuba shara cikin lambatu da rani, shi zai kwana yana kwalfar ruwa da damana. Wanda ya ƙi biyan haraji, bakinsa ya mutu in fitila ta mutu. Wanda ya sayi fili da arha a hanyar ruwa, ya sayi asara da kuɗinsa. Ku kuma manoman Bambeye da kewaye, ku je ku rubuta gonakinku, kada ku sa hannu bisa takardar da ba a karanta muku ba.

Tawa ta yi kwalliya a 2017, baƙi sun gani sun yaba sun tafi. Ranar da mai amalanken nan na Lahadi zai shigo gari bai ratsa kwata ba, ya sayar da geronsa a wuri mai inuwa, ya koma Bambeye don yana so ba don birni ya kore shi ba, ran nan za mu ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.